Baƙin Mai da Injin Jirgin Sintiri

Duk bakin ruwan nan ba mai kiransa da ainihin sunansa. Baƙin Mai ake ce masa, har matarsa in ya ɓata mata rai haka take kiransa. Hannayensa ne suka ja masa sunan, don ko ya kwana yana dirzar su da sabulu, layin baƙin mai ba ya barin ƙarƙashin faratansa.

Ɗan masunci ne, jikan masunci, amma bai iya iyo ba. Yana ƙaramin yaro kwalekwale ya taɓa kifewa da su, yayansa ya cafko wuyan rigarsa ya ja shi zuwa gaɓa, ya kwanta a yashi yana aman ruwa. Tun daga ranar, ruwa ya kai masa gwiwa sai jikinsa ya ɗauki ɓari. Uban ya yi faɗa, ya yi lallashi, da ya gaji ya kai shi cikin gari wajen wani makaniki. Ya dawo gida da ƙasumba da akwatin kayan aiki daidai lokacin da masunta suka fara ɗaura wa jiragensu inji, sai abin ya zame masa sana'a.

Rumfarsa ta kwano ce, tana kallon inda jirage ke tsayawa. A ciki akwai benci da mai ya jiƙa har ya koma baƙi, da katako inda yake rataye injuna kamar an shanya su, da wata tsohuwar duro cike da ruwa da yake tsoma farfela a ciki in zai gwada aiki. Masunta kan tsokane shi su ce wannan duro ita ce iyakar tafkinsa. Ba ya jin haushi. Abin da ke damunsa shi ne aron kaya. Kowa ya zo wucewa sai ya ɗauki sifana ko filaya ya ce yanzu zai dawo da ita, shi ya sa ya bi kayan aikinsa duka ya shafa musu shuɗin fenti a gindi.

Mutum ne mai saka abu a rai. In hadari ya haɗu, sai ya fara lissafa jiragen da ya gyara waɗanda ba su dawo ba, yana tambayar kansa ko ya ɗaure ƙusoshin da kyau. Matarsa, wadda ke ɗinki a zauren gidansu, takan ce ranar da ya rasa abin damuwa maƙwabta yake shiga ya aro.

Da baƙi suka zo, da murna aka tarbe su. Wani kamfanin ƙasar waje ne ya sayi tudun da ke can ƙarshen gaɓa ya gina masaukin 'yan yawon buɗe ido, ɗakuna farare masu kallon ruwa. An ɗauki matasa gadi da wanki, an gyara hanya. Manajan wurin dogon Bature ne mai jan wuya, wanda ya koyi gaisuwa da 'yan kalmomi, yana faɗinsu a karkace yara na dariya. Baƙinsa sukan fita da sandunan kamun kifi masu tsada, su yi ta kokawa da ƙaton kifi rabin yini, in sun ciro shi su rungume shi a ɗauki hoto, sannan su mai da shi ruwa. Masunta suka yi ta mamaki a teburin mai shayi. Wani tsoho ya ce bai taɓa ganin inda aka wahalar da kifi aka wahalar da kai, aka tashi kowa da yunwarsa ba.

Shi kuwa Baƙin Mai kakarsa ta yanke saƙa. Jiragen masaukin duk wajensa ake kawo su, kuma Manaja ba ya cewa a bari sai kasuwa ta ci. Ya sake rufin ɗakinsa, ya saya wa matarsa keken ɗinki mai lantarki.

Sai ga doka. Hukuma ta ce kifi ya ragu, don haka an hana raga mai ƙananan idanu, an kuma rufe babban lungun da ke bayan masaukin, wai nan kifi ke ƙwai. Aka jera jajayen robobi masu yawo a kan ruwa, duk wanda ya ƙetare su ya yi laifi. Wannan lungu kuwa shi ne inda iska ba ta dukan ƙaramin jirgi, nan talakan masunci ke samun na cefane. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne jiragen masaukin suna shiga can da baƙinsu, tunda su ba sa kashe kifin. Sannan jirgin sintirin da jami'an hukuma ke kamu da shi, kamfanin ne ya ba su kyauta, da sabon inji mai gudu kamar iska.

Wata safiya jami'an suka tara ragar da suka ƙwace a bakin gaɓa, suka watsa mata fetur suka cinna wuta. Baƙin Mai na tsaye a ƙofar rumfarsa, warin robar da ke narkewa na shiga masa hanci. A cikin tarin akwai tarun yayansa, wanda duk gidan suke kira Yaya. Ya hango shi can gefe, hannuwa a baya, bai ce uffan ba har wutar ta mutu. Wannan shirun ya fi tayar wa Baƙin Mai hankali fiye da a ce ya yi ihu, don ya san halin ɗan'uwansa.

Bayan 'yan kwanaki Yaya ya biyo ta rumfar.

"Ƙanena, ba ni sifanar nan mai lanƙwasa."

"Me ya samu injin naka, Yaya? Kawo in duba mana."

"Ba komai. Ɗan abu ne, zan iya da kaina."

Ya miƙa masa, kamar yadda ya saba. Har ya manta.

Ana cikin haka sai labari ya bazu cewa jirgin sintiri ya mutu a tsakiyar ruwa, sai da aka jawo shi da igiya. Ranar bakin gaɓa kamar an yi wa kowa bushara. Kafin la'asar motar masaukin ta tsaya a ƙofar rumfar, ƙarti suka sauke injin suka ɗora a kan katako. Manaja ya ce a yi sauri.

Da motar ta tafi, Baƙin Mai ya kwance ƙusar mai ya tara kwano. Man ya zubo da kauri. Ya sa yatsu biyu ya murza, ya ji ƙaras-ƙaras. Yashi ne. Yashi ba ya shiga cikin inji da ƙafarsa, sai an buɗe an zuba. Ya waiga hagu da dama kamar shi ya yi, ya tura kwanon ƙarƙashin benci da ƙafa, ya ja tsumma ya rufe. Sai a lokacin ya tuna da sifanar. Ya leƙa akwati, gurbinta wayam.

Bai gama share gumi ba masunta suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya, kowa na leƙen injin kamar an zo duba maras lafiya da ba a so ya tashi. Shugabansu ya zauna a kan benci ya rage murya.

"Malam Baƙin Mai, ai irin wannan inji kayansa wuyar samu gare su, ko? Sai an aika ƙasarsu. Wata biyu, wata uku, wa ya sani? Kafin nan kifin bana ya wuce, yara sun ci sun ƙoshi."

"Ban gama dubawa ba tukuna," in ji shi.

"To, duba a hankali. Ba mai korarka."

Washegari da hantsi jami'ai biyu suka zo suka ce babbansu na son ganinsa. Ya kulle akwati, ya bi su ta tsakiyar masu sayar da kifi, idanu duk a kansa.

Ofishin ɗaki ɗaya ne mai fanka da ba ta juyawa. An jingine ragar da aka ƙwace a kusurwa, tana ƙarni. Babban jami'in, wanda kowa ke kira Ofisa, na zaune bayan tebur, Manaja na tsaye jikin taga. A kan teburin ga sifana mai lanƙwasa, shuɗin fenti a gindinta.

"Ka san wannan?" in ji Ofisa.

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"A ƙarƙashin katakon jirginmu aka tsince ta. Me ya kai ta can?"

Ya ga Yaya a ransa, da 'ya'yansa reras, da matarsa mai ciwon ƙafa. Ya kuma ga kansa a bayan mota an sa masa ankwa, tasa matar na tsaye a ƙofar gida.

"Ranka ya daɗe, kayana duk bakin ruwan nan ke aro. Har yaranka sun sha ɗauka."

"Wa ya ari wannan?"

"Ba na riƙewa."

"Me ka samu a cikin injin?"

Ƙarya a kan inji ba ta ɓoyuwa, duk makanikin da ya buɗe zai gani. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yashi."

Ofisa ya buga tebur. "To kai ne. Wa ya san inda ake buɗewa in ba kai ba? Ka lalata, a kawo maka gyara, ka ci ta gaba ka ci ta baya."

Manaja ya juyo daga taga ya yi magana da harshensu, mai fassara ya mayar. Ya ce jirgin a kan ruwa yake kwana, nesa da gaɓa, sai an yi iyo ake isa gare shi, kuma kowa ya san wannan mutum ko wanka a bakin ruwa ba ya yi. Wani jami'i ya tuntsire da dariya, Ofisa ya harare shi. Duk da haka ba a sake shi nan take ba. Aka zaunar da shi a benci a waje, rana na dukansa, Ofisa na fitowa jifa-jifa yana tambayar suna ɗaya kawai. Sai da inuwa ta miƙe aka ce ya tafi, amma sifanar ta zauna, kuma in injin bai tashi ba cikin mako an san inda za a neme shi.

A gida matarsa ta ajiye masa abinci, ya kasa kai loma. Ta kashe keken ɗinki ta zuba masa ido.

"Baban yara, Yaya ne ko?"

"Ni ban ce ba."

"Ba sai ka ce ba, fuskarka ta riga ka. To ka je ka same shi. Kada ka zauna nan kana cin kanka, ka bar ni da jinya."

Ya tarar da Yaya a tsakar gidansa, ya baza wata tsohuwar raga a gwiwa yana ɗinke ɓarakarta. Suka gaisa. Baƙin Mai ya tsuguna kusa da shi ya rage murya don kada matan gida su ji.

"Yaya, sifanata tana teburin Ofisa."

Hannun Yaya ya tsaya, sannan ya ci gaba da ɗinki. "Faɗuwa ta yi a wajena. Wani ya tsinta ke nan."

"Yini na yi a hannunsu."

"Ka faɗi sunan wani?"

"Da na faɗa, da ba ka nan zaune."

Yaya ya ɗago ido, jajaye. "To me kake so in ce maka? Tarun nan shekara nawa na yi ina haɗa shi? A gabanka aka ƙone. Ruwan da ubanmu ya mutu yana shiga, yau sai mai jan wuya ya ba ni izini? Su su yi wasa da kifi, ni in kalli yarana da baki bushe?" Ya ja numfashi. "Kada ka gyara, ƙanena. Abin da na roƙe ka ke nan. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Baƙin Mai ya tashi ya fito.

Kwanakin da suka biyo baya bai san ɗanɗanon komai ba. Ya warware injin gaba ɗaya ya jera sassansa a kan buhu, yana wanke su da fetur ɗaya bayan ɗaya. In ya ji ƙarar mota sai ya zabura, ya ɗauka Ofisa ne. In ya ji takun mutum a bayan rumfa sai ya ɗauka masunta ne suka zo yi masa gargaɗi. Ya yi tunanin ya ce kayan ba su samuwa, amma Manaja ya riga ya aiko da su sababbi cikin kwali. Ya yi tunanin ya bar ƙusa ɗaya a sake, yadda injin zai yi sati ya sake mutuwa. Har ya riƙe ƙusar a hannu. Sai ya tuna jami'an nan su ma 'ya'yan wasu ne, ƙaraminsu ma ɗan mai shayi ne, kuma shi ya san yadda ruwa ke shiga hancin mutum. Ya ɗaure ta tamau.

Ranar da ya tayar da injin a cikin duro, ƙararsa ta cika bakin gaɓa. Masu gyaran raga suka daina magana. Ba wanda ya zo kallo.

Manaja ya zo ɗauka da kansa. Ya tsaya yana kallon ruwan duro na tafasa, sannan ya ce ta bakin mai fassara shi ba maƙiyin kowa ba ne. Ya ce in aka ci gaba da kwashe 'ya'yan kifi, nan da 'yan shekaru ba masunci ba baƙo, kowa zai tashi. Baƙin Mai ya san akwai gaskiya a ciki, don ya ga yadda kifin da ake saukewa ke ƙanƙancewa shekara bayan shekara. Ya yi ta maza ya ce, "Gaya masa mutane ba su ƙi a bar kifi ya girma ba. Amma kafin ya girma, me za su ci?"

Manaja ya ɗaga kafaɗa, ya ce wannan tambayar hukuma ce. Ya miƙa masa hannu, ya dubi baƙin man da ya shafo, ya yi murmushi ya shiga mota.

Jirgin sintiri ya koma ruwa, kamu ya ci gaba. Ba wanda ya zagi Baƙin Mai a fuska. Sai dai a teburin mai shayi, in ya zauna, hira takan koma ta yanayin iska. Wasu masunta suka riƙa ɗora injunansu a mota suna kaiwa cikin gari, duk da nisa da tsada. Wata safiya ya tarar an huda masa duro, ruwan ya malale cikin rumfa. Ya toshe ramin bai gaya wa kowa ba. Can kuma masu masaukin suka kawo nasu makanikin daga ƙasarsu, suka ce ba don sun zarge shi ba, tsarin kamfani ne. Matarsa ta ce, "Madalla. Na gida sun yi fushi, na waje sun yi godiya sun tafi."

Maganar yashi ta mutu a ofis, tunda ba a samu suna ba. Amma Yaya bai sake samun natsuwa ba, shi ma kullum gani yake za a zo. Da damina ta wuce ya kwashe iyalinsa zuwa wata gaɓa can arewa, inda dokar ba ta kai da ƙarfi ba. Ranar tafiya Baƙin Mai ya je ya duba masa inji, ya sa sabon fulogi, ya ƙara mai. Yaya na tsaye yana kallonsa. Da aka gama ɗora kaya ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka riƙa cin abinci, ka rame." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Sukan yi waya lokaci-lokaci, su tambayi lafiyar yara.

A hankali wasu masuntan suka dawo, don inji in ya mutu da asuba ba ya jiran motar gari. Ba su yi maganar abin da ya wuce ba, shi ma bai tayar ba. Aikin dai bai koma kamar da ba, saboda jiragen kansu sun ragu. Ya koyi gyaran janareta da babur, har injin niƙa ana kawo masa. Gashinsa ya yi fari, ido ya fara ba shi matsala, sai ya ɗaga ƙananan ƙusoshi sama wajen haske kafin ya gane su.

Kwanan nan wasu mutane masu hular kwano suka zo da na'urar awo mai ƙafa uku. An ce wani kamfanin ne kuma, zai gina matsayar jiragen shaƙatawa da wurin cin abinci. Suka yi ta auna gaɓa suna kafa turaku masu jan ƙyalle. Ɗaya turken a bayan rumfar Baƙin Mai ya faɗa, ɗaya a gabanta. Ya tambayi mai riƙe da igiyar awon ko rumfar na ciki ko na waje, mutumin ya ce shi awo kawai aka sa shi.

Ya koma gida ya gaya wa matarsa. Ta ɗaga ƙafa daga keken.

"An ce ka tashi?"

"Ba a ce ba tukuna."

"To gobe ka buɗe. Mai babur ɗin nan ya zo nemanka har sau biyu."

Washegari ya buɗe. Ya kwance tayar babur ɗin ya zauna a kan benci, inda yake iya hango duk motar da ta gangaro daga hanyar tudu.